Bahon Manaja

Talata, 9 ga Yuli, ƙarfe 6:20 na safe

Gunvor ce ta cusa min littafin nan a jaka, wai tunda bakina ba ya buɗuwa a waya in riƙa rubutawa, in na dawo gida ta karanta. Shekara talatin da biyar da aurenmu, ta san mijinta. Amma wannan ba za ta karanta shi ba.

Jiya a Brennvika an harbe farar beyar, dabbar nan ta ƙasar ƙanƙara mai cin mutum. Sabuwar mai gadinmu Ingunn ce ta harba. Mun sauke baƙi 'yan yawon buɗe ido sittin da huɗu daga jirgin ruwa zuwa tsohuwar mahaƙar kwal, suna ta yawo tsakanin gidajen leburori da taragan da tsatsa ta cinye. Mu masu gadi huɗu kowa yana kan tudunsa da bindiga, bayanmu ga baƙi, idonmu ga fili, kamar kullum. Sai ga beyar ta ɓullo ta bayan ɗakin injin, taku talatin tsakaninta da wasu tsofaffi biyu masu ɗaukar hoto. Ingunn ta gangaro a guje, ta yi harbin tsoratarwa sau biyu, dabbar ko gezau. Harbi na uku ba na tsoratarwa ba ne. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane.

'Yan sandan gwamna sun zo da jirgi mai saukar ungulu da yamma. Sun auna, sun ɗauki hoto, sun tafi da mushen da bindigar Ingunn. Beyar ɗin mace ce 'yar shekara uku, haƙarƙari duk a waje. Sun tambayi kowa a tsaitsaye, suka ce cikakken bayani sai mun koma Longyearbyen, babban garin tsibiran nan, ranar sha tara ga wata. Da aka zo kaina na ce ban ga komai ba.

Kuma ban gani ba ɗin. Wannan gaskiya ce.

Talata, 4:00 na yamma

Hazo ya rufe ko'ina, ba a sauka ba. Halvard, shugaban tafiya, ya kira ni ɗakinsa.

"Tsoho, zauna mana, ka tsaya min a kai kamar mai biyo bashi. Dabbar nan ta ɓangaren Ingunn ta sauko, ta gangaren layin dogo. Fili ne fetal, ko kaza ka sako a wurin sai an gan ta. Na tambaye ta, ta ce ta hango wani fari-fari wajen goma da rabi, ta ɗauka ba komai ba ne, ba ta sanar ba. Daga nan ta ja bakinta ta rufe."

Na ce to.

"To me? Kai ne babban mai gadi. Yaya ka ga aikinta?"

"Sabon shiga ce," na ce.

Kalma uku. Ya rubuta su.

Kamfani ya ce a cire ta daga gadi, ta koma wanke takalman baƙi har mu isa tasha, daga nan ta sauka. In 'yan sanda suka rubuta sakaci, ba za ta sake riƙe wa kowa bindiga a tsibiran nan ba. Mace mai shekara arba'in da shida, ta ajiye aikin jinya a Vadsø, ta yi hunturu biyu tana koyon harbi da kwanan tanti don wannan aikin.

Laraba, 10 ga Yuli, 1:15 na rana

Ban ci abinci a ɗakin ma'aikata ba. Na ce cikina ne.

Alhamis, 11 ga Yuli, 7:00 na safe

A Brennvika akwai wani farin bahon wanka kife a gangaren tudun yamma. Na manajan mahaƙar ne, tun kafin yaƙin duniya. Gidan ya rushe, bahon ya gangaro ya tsaya inda ya ga dama, kuma doka ta hana a taɓa ko ƙusa a wurin, balle baho. Shekaru sun dafe shi ya koma ruwan madara. Daga nesa, in rana ta doke shi a kaikaice, uwarsa ma sai ta rantse beyar ce a kwance.

Duk sabon mai gadi a tudun yamma muke ajiye shi, da gangan. Sai ka ji shi a oba-oba murya na rawa: "Beyar! Beyar!" Mu kuwa mu bar shi ya gama kaɗuwa tukuna. Da yamma ya tarar da sabulu a farantinsa maimakon kifi, a ce ya je ya taya Manaja wanka. An yi wa Halvard. An yi wa kowa. Ni ne dai ba a yi wa ba, don ni na ƙirƙiro abin, kuma shekara goma sha huɗu ina tinƙaho da shi.

Ɗazu na sa hannu a aljihun rigar sanyina neman safar hannu, na ji sabulun. Tun ranar Lahadi na ɗauko shi daga sito.

Na kai shi banɗakin ma'aikata na ajiye. Ba wanda ya gan ni.

Juma'a, 12 ga Yuli, 5:40 na yamma

Mun sauka a tsohuwar mahaƙar marmara. Tukwanen injin, ƙugiya, wani keken guragu da ban san me ya kawo shi ba. Na tsaya awa uku a tudu ban zuba kofi ba ko sau ɗaya. Na leƙa kowane dutse da madubin hangen nesa har idona ya yi ruwa. Ihu bayan hari.

Da muka dawo jirgi dole kowa ya bi ta wurin wanke takalma. Ingunn tana durƙushe da buroshi. Na so in wanke nawa da kaina.

"Miƙo ƙafar, Eilif, kana tare min layi."

"Bar shi, zan iya."

"Kai da ko sunkuyawa sai ka yi nishi? Miƙo."

Na miƙa. Ta bi tafin takalmin tsaf, ta sa ƙusa ta ƙwaƙule tsakuwa. Ina kallon tsakiyar kanta, furfura ta fara.

"Kina barci kuwa?" na ce.

"Sama-sama dai. Da na rufe ido sai in ga kunnen beyar nan. Kunnen yana motsi bayan ta faɗi, ka sani? Ɗaya ƙafar."

Ba ta ɗago ta dube ni ba. Da ta zage ni da na samu sauƙi.

Asabar, 13 ga Yuli, 6:10 na safe

Bari in rubuta, tunda takarda ba ta da baki.

Ranar da Ingunn ta hau jirgin nan na ja ta gefe na ce mata, in kin ga abu kina shakka, kira ni a layi na biyu na oba-oba tukuna, kada ki tara wa kanki 'yan kallo. Na ɗauka kirki nake mata. Layi na biyu ba mai saurare sai wanda aka kira.

Ranar Litinin, goma da rabi, ta kira.

"Eilif, akwai wani fari a gangare, sama da layin dogo. Kamar ya motsa."

Ina zuba kofi daga filas, na juya wa iska baya. Ban ɗaga madubi ba. Ban ko juyo ba. Dariya ce ta riga ni, don tun safe nake jiran kiran.

"Manaja ne yake wanka, 'yar asibiti. Je ki cuɗa masa baya."

Sannan ta ce, "To. Yi haƙuri."

Haƙuri ta ba ni.

Minti ashirin da biyar tsakanin wannan da harbin. A minti ashirin da biyar muna kwashe mutum sittin zuwa kwalekwalen roba har mu sha iska, mun sha yi. Da dabbar ta shinshina gidajen ta wuce abinta.

Lahadi, 14 ga Yuli, 3:00 na yamma

Ƙanƙara ta toshe mashigar gabas, kyaftin ya juya. Baƙi suna ɗakin taro ana musu lacca kan tsuntsaye.

Shekara ashirin da huɗu na yi ina haƙar kwal kafin a rufe ramin in koma gadin masu hutu. Makona na farko a ƙarƙashin ƙasa, ina kwance a rami mai tsayin gwiwa, na ji wani ƙas a rufi. Na yi ihu. Oddvar, shugaban aikinmu, ya fitar da mutum goma sha ɗaya da rarrafe, aka tsai da injin rabin yini. Ba komai ba ne, katako ne ya sha nauyi ya yi ƙara. Wani ɗan Tromsø ya fara kwaikwayon ihuna a wurin cin abinci. Oddvar ya tashi ya ɗauke masa faranti daga gabansa, ya ce, "A nan ba a yi wa mai tsoro dariya. Ranar da ya ji kunyar yin ihu, ranar za mu kwana a ciki gaba ɗaya."

A wannan gidan na tashi. Ba wanda zai ce ba a koya min ba.

Gunvor ta kira. Ta ji labari a rediyo. "Baiwar Allah, wace ce matar? Kana dai tsaya mata ko? Ka san halin mutanen ofis, sai sun sami wanda za su rataya wa." Na ce layin ba kyau. Layin garau yake.

Litinin, 15 ga Yuli, 11:30 na safe

Gobe zan sami Halvard.

Litinin, 6:00 na yamma

Akwai wata baƙuwa, Madam Terpstra, 'yar Holan, tsohuwar malamar makaranta. Komai sai ta tambaya, kuma sai ta rubuta amsar. Ta tare ni a bakin matakala da kyamararta.

"Malam Eilif, kai ne idon jirgin nan, zo ka raba min gardama da mijina. Wannan hoton daga bakin ruwa na ɗauka a Brennvika. Ga bahon da ka ba mu labarinsa, a hagu. To wannan farin na dama fa?"

Ta buɗe hoton da yatsu biyu. Agogon kyamarar ya ce 10:34. Ga baho a hagu, ƙarƙashin tudun yamma. A saman tudun ga wani ɗigo ja da ya juya baya. Can dama, bayan hasumiyar lodi, ga ɗaya farin.

Ɗigon nan ni ne. A ranar, iska ta sa Halvard ya sauya wurin sauka, ya sauya mana tudu a gurguje. Ni aka ba yamma. Ingunn tana gabas. Bahon yana ƙarƙashin ƙafata lokacin da nake aika ta ta cuɗa masa baya. Na san an sauya, da ƙafata na hau tudun. Amma wasan ya riga ya zauna min a ka, ban tsaya na haɗa biyu da biyu ba.

"Ragowar dusar ƙanƙara ce, Madam," na ce.

"Ka ji ko, Wiebe? Na gaya maka!" Ta rubuta a ɗan littafinta.

Talata, 16 ga Yuli, 7:00 na safe

Gobe.

Laraba, 17 ga Yuli, 2:20 na rana

Na je. Na ƙwanƙwasa. Na tsara maganar tun daga ɗakina, jimla huɗu kacal.

"Yauwa, Tsoho, kamar ka san ina nemanka. Rufe ƙofar. Ga rahoton da za mu miƙa, sa hannu a nan ƙasa. Kai, ni fa abin nan ya tsaya min a wuya. Matar tana da ido, wallahi tana da ido, da harsashi ɗaya ta kayar da dabbar a guje. Amma me zan rubuta? Ta gani ba ta faɗa ba. Da irinka ne a tudun nan da yanzu muna maganar miyar kifi."

Na ce, "Halvard."

"Na'am?"

Yana kallona da fuskar nan tasa. Ni na koya masa ɗura harsashi. Ni na riƙe masa ɗansa a coci ranar baftisma.

"Alƙalamin ba ya rubutu," na ce.

Ya ba ni wani. Wannan ya rubuta.

Na taɓa ɗauka kunya zafi gare ta, irin wadda kunne ke yin ja. Wannan sanyi gare ta. Ina jin kunyar kaina, kuma ina jin kunyar cewa har yanzu abin da na fi tsoro ba makomar Ingunn ba ne, fuskar Halvard ce.

Alhamis, 18 ga Yuli, 8:00 na safe

Na yi ihun beyar yau da sassafe, a layin kowa. Dutse ne. Ba wanda ya yi dariya, sai ɗaya daga cikin samarin ya ce, "Tsoho ma ya fara ganin Manaja." Na ce ya rufe min baki. Ya yi mamaki, don da ni ne mai fara irin wannan.

Alhamis, 7:30 na yamma

Liyafar bankwana. Kyaftin ya sa farar riga, an kira ma'aikata ɗaya bayan ɗaya ana tafi. Da aka kira masu gadi mu uku muka fito. Ɗaya daga tsofaffin nan biyu masu hoto ya ɗaga murya ya ce ina matar da ta cece su. Halvard ya ce tana hutawa.

Na same ta a ɗakin ajiyar kaya tana jera takalma lamba-lamba. Jakarta a ɗaure a gefe.

"Ba ki zo liyafa ba."

"Ba ni da rigar tafi." Ta ɗora takalmi a sahun 'yan'uwansa. "Eilif, in tambaye ka? Bahon nan. Har zan bar tsibirin nan ban gan shi ba. Ta ina ake hango shi?"

Na kafa wa jerin takalman ido.

"Ta yamma."

"Daga tudun gabas fa?"

"Ba a ganinsa. Hasumiya ta tare."

"Haka na gani a taswira," ta ce. "Tun ranar Talata waccan na duba."

Ta ci gaba da jera takalma. Arba'in da biyu, arba'in da uku. Na tsaya kamar an dasa ni, ina jira ta ce wani abu da zan kama, ko zagi ko roƙo. Ba ta ba ni ko ɗaya ba. Can ta ce in kashe mata fitila in zan fita, sai ta tuna ita ce a ciki, ta yi 'yar dariya ta ce in bar ta.

Juma'a, 19 ga Yuli, 6:00 na safe

Ga Longyearbyen can. Na aske gemu. Na yanke kaina wuri biyu.

Juma'a, 4:45 na yamma

A ofishin gwamna mun cire takalma a bakin ƙofa, mun zauna a benci mu biyar da safa kamar 'yan makaranta. Ni aka kira na uku. 'Yar sandan ta ɗauko bayanina na farko ta ce ko akwai ƙari, ta riga ta miƙo min wurin sa hannu.

Na ce akwai.

Na ɗauka in na fara zai zubo da kansa. Ina! Sai da ta riƙa ciro shi kamar ƙaya. Wane layi? Ƙarfe nawa? Ka ɗaga madubi? Kana ina a tsaye? Bahon yana ina? Sannan ta ce, "Faɗa min kalmomin yadda ka faɗe su."

Na faɗa. A ɗaki mai tutar ƙasa da hoton sarki, ni ɗan shekara sittin da ɗaya, na ce, "Je ki cuɗa masa baya." Ta rubuta. Ta karanta min. Ta tambaya ko da dariya na faɗa, na ce da dariya. Wannan ma ta rubuta. Na gaya mata ta nemi hoton Madam Terpstra kafin jirgin samansu ya tashi, na kuma gaya mata abin da na ce wa matar.

Ta ce Ingunn ta shiga kafin ni, kuma ba ta ambaci sunana ba ko sau ɗaya.

Halvard na gaya wa a waje, muna ɗaura takalma. Bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana ɗaure igiya ɗaya.

"Ka sa hannu, Eilif."

"Na sa."

"Ina tsaye ina yabonka ka sa hannu."

Eilif ya ce, ba Tsoho ba. Ya tashi ya tafi kiran kamfani. Na koma jirgi na miƙa bindigata da oba-oba ga mai sito, na kwashe kayana.

Na kira Gunvor. Na gaya mata duka. Sannan ta ce, "Ka ci abinci?" Na ce a'a. Ta ce, "To je ka ci. Ba na son in yi maka magana yanzu."

Asabar, 20 ga Yuli, 5:30 na yamma

Jirgi ya tashi ƙarfe huɗu da sababbin baƙi. Ingunn tana ciki. 'Yan sanda ba su rufe bincike ba tukuna, amma kamfani ya janye takardar sallamarta, Halvard ya yaga rahoton ya rubuta wani, kuma ya ce bindiga za ta koma hannunta da zarar an ba da izini. Ni an ce in jira wasiƙa. Na san abin da ke cikinta.

Na je tasha. Ban san me ya kai ni ba. Tana taya lodin akwatuna, ta gan ni, ta sauko ta tsaya nesa da ni kaɗan, hannu a aljihu.

"An ce ka yi magana."

"Na yi. Ingunn, me ya sa ba ki faɗa ba? Tun ranar farko da kin wanke kanki."

"In ce me? Babban mai gadi ya yi min dariya sai na ƙaryata idona? Na ga ta motsa, Eilif. Na gani. Na zaɓi kada a sa min sabulu a faranti. Wannan kayana ne, ni zan ɗauka, ba zan ɗora wa kowa ba." Ta share hanci da bayan safar hannu. "Naka kuma naka ne. Ba rufa maka asiri na yi ba. Jira nake in ga ko za ka ɗauka."

"Da ban ɗauka ba fa?"

"Da na koma Vadsø ina wanke wa tsofaffi miki. Na iya."

Mai injin ɗaga kaya ya yi mata fito daga sama, ta ɗaga masa hannu.

Na ce, "To yanzu fa?"

Na so ta ce shi ke nan. Ko ta ce kada in sake nuna mata fuskata. Ko wanne ne da na karɓa da hannu biyu.

Ta dube ni, karo na farko tun Brennvika, ido cikin ido.

"Kwana goma sha ɗaya," ta ce. "Kullum da safe sai in ce yau zai faɗa."

Ta juya ta hau matakala. Na tsaya har aka kwance igiya.